Wuta, Ruwa da Waya a Wajen Kano: Tarihin Ikon Hukumar Gari Daga Calawa Zuwa Kasuwar Singa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin tambaya guda ɗaya a cikin tarihin Kano na ƙarni na ashirin da abin da ya biyo baya, watau wane ne yake yanke shawara a kan wutar lantarki da ruwan famfo da wayar sadarwa na wannan birni, kuma ta wace hanya shawarar ta bar hannun hukumar gari. An zaɓi Kasuwar Singa ta zama wurin da za a tsaya a dubi al'amarin, domin kuwa a nan ne abubuwan uku suka haɗu da kuɗi. Kasuwa ce ta sari wadda take tsakanin Fagge da Sabon Gari, ta kuma gaji sunanta daga kamfanin keken ɗinki na Singer. Daga cikinta ne sukari da shinkafa da fulawa da taliya da man girki da sabulu suke bazuwa zuwa jihohin Arewa, har su tsallaka zuwa Maraɗi da Damagaram da ƙasar Cadi. Idan wuta ta yi tsada a Singa, ko sabis ya yanke aka kasa tura kuɗin tirela guda ta kaya, mai sayen sukarin shayi a ƙauye shi ma sai ya ji a aljihunsa ko ba jima ko ba daɗe.

2.0 Waje da Hukumominsa

Kafin a shiga zancen wuta, ya kamata a tuna cewa filin da Singa take a kansa bai taɓa zama a ƙarƙashin hannu ɗaya ba na dogon lokaci. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sa'an nan wajen 1913 aka yanka Sabon Gari saboda ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Fagge kuwa tsohon zango ne na fatake da raƙuman Azbin tun kafin zuwan Turawa. A tsakanin waɗannan unguwanni biyu da tashar jirgi aka ba kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO, da kuma Kwarori, filayen kantuna da sito-sito, inda ake auna gyaɗa da fata da ƙirgi a sayar da atamfa da gishiri da kananzir.

Dokar 1917 ta sa unguwar Turawa da Sabon Gari a ƙarƙashin wata hukuma ta dabam wadda Bature yake riƙe da ita, birni da Fagge kuwa suna hannun Sarki. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari hannun En'e ta Kano. Ashe ke nan tun asali Waje wuri ne da ake samun kuɗi a cikinsa, amma ikon yi masa aiki a rarrabe yake, kuma wannan hali ya bi shi har zamanin jihohi da ƙananan hukumomi.

3.0 Aikin Calawa

Abin da ya bambanta En'e ta Kano da sauran takwarorinta shi ne ƙarfin baitulmali. Tun wajen 1911 gwamnatin mulkin mallaka ta amince da kafa baitulmali a masarautu, ana raba haraji da jangali tsakanin gwamnati da En'e. Da farko rabi da rabi ne, amma a 1928 manyan masarautu suka samu kashi 70 cikin 100. Kano tana da yawan jama'a, ga kuma kuɗin gyaɗa, saboda haka ajiyar Ma'aji ta yi kauri ƙwarai a shekarun 1920. Daga wannan ajiya aka gina asibitin birni, wanda a yanzu ake kira Asibitin Murtala Muhammad, daga cikinta kuma aka fitar da kuɗin aikin da ya fi kowanne girma, watau aikin ruwa da wuta na Calawa, wanda ya ci sama da fam 300,000. An yi aikin a farkon sarautar Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, kuma ruwa da wuta sun fara shiga gari a farkon shekarun 1930.

Akwai abin lura a nan wanda za mu sake cin karo da shi a gaba. Ruwa aka tashi nema, wuta kuwa ta biyo baya ne a matsayin baran ruwa. Mutanen birni a lokacin sun dogara ne da rijiyoyi da kududdufai, waɗanda aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini, ga su cike da ƙazanta da sauro da rani da damina. Kogin Calawa yana da nisa daga birni ta kudu maso yamma, kuma ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Tilas a kafa injuna waɗanda za su turo shi ta cikin bututu zuwa babban tanki a kan Gwauron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari. Injunan nan suna bukatar wuta, to da aka kafa gidan wuta domin su, sai aka ga ƙarfin ya isa a ja waya zuwa fada da asibiti da manyan tituna da kantunan Waje, a kuma sayar wa duk mai iya biya. Ta haka ne En'e ta zama mai sayar da ruwa da wuta, da injiniyoyinta Turawa waɗanda take biya albashi daga baitulmali, da makanikai da masu haɗa famfo 'yan ƙasa waɗanda suka koyi sana'ar a wurin aikinta.

Ba Kano kaɗai ta yi haka ba. En'e ta Katsina ta kafa nata gidan wuta a 1933, haka kuma hukumomin gargajiya na Badun da Abekuta sun mallaki nasu. A Jos kuwa kamfani ne mai zaman kansa, NESCO, ya datse ruwa a Kurra ya riƙa sayar wa masu haƙar kuza da wuta. Ke nan kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai hanyoyi uku a ƙasar nan, ta gwamnati ta hannun Fidabuldi, da ta En'e, da ta kamfani. Turawan da suka ba da shawarar aikin Calawa ba baƙon abu suka kawo ba a ganinsu, domin sun taso ne a ƙasar da majalisun garuruwa suke mallakar irin waɗannan ayyuka. A birnin Birmingham, alal misali, Joseph Chamberlain ya sa majalisar gari ta saye kamfanonin iskar gas a 1875, ta kuma karɓi na ruwa a shekarar da ta biyo.

Sai dai kada ɗoki ya ɗebe mu mu ɗauki En'e tamkar majalisar da talakawa suka zaɓa. A Birmingham mai biyan kuɗin gari shi ne mai jefa ƙuri'a, shi ne kuma mai shan ruwan. A Kano kuwa galibin kuɗin ya fito ne daga manoman gundumomi da Fulani masu biyan jangali, waɗanda fitilar Calawa ba ta taɓa haska ƙofar gidansu ba. Shawara kuma tsakanin Razdan da Sarki da 'yan majalisarsa take ƙarewa, sa'an nan sai Gwamna ya sa hannu a kan kasafin. Irin wannan ƙorafi na haraji ba tare da murya ba yana cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi bayan kafa ta a watan Agusta na 1950. Duk da haka, a ganina, akwai abu guda da ba za a iya ƙwace wa wancan zamani ba. Mai gidan wutar yana cikin gari, an san ƙofarsa, kuɗin da aka karɓa na wuta da ruwa yana komawa asusun da ya yi aikin, kuma idan famfo ya ƙafe a Fagge akwai wanda kunya za ta kama a fada kafin la'asar.

4.0 Yadda Iko Ya Yi Sama

Bayan yaƙi ra'ayi ya juya. Ingila da kanta ta mayar da wutar lantarki hannun gwamnatin tsakiya da dokar 1947, ta karɓe gidajen wuta na majalisun garuruwa da na kamfanoni baki ɗaya. Nijeriya ta bi sahu da dokar 1950 wadda ta kafa hukumar ECN, ta kuma fara aiki a 1951, gidajen wuta na En'e-En'e suka koma hannunta. Dalilan da aka bayar ba na banza ba ne. Ƙaramin gidan wuta yana da tsada a kan kowane ma'auni na wuta, kayan gyara sai an yo oda daga waje, kuma masana'antun da aka fara kafawa a Bompai a shekarun 1950 suna bukatar ƙarfin da baitulmali ba zai iya ɗauka ba. Daga nan aka kafa hukumar madatsun ruwan Kwara a 1962, aka kammala Kainji a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Wutar Kano ta koma zuwa ta dogon layi daga Kaduna, ta sauka a Kumbotso a rarraba. (Yana da kyau masu zancen makamashi mai sabuntuwa a yau su tuna cewa a farkon shekarun 1970 babban kaso na wutar ƙasar nan daga ruwan Kainji yake fitowa. Dogaro da iskar gas daga baya ya yi rinjaye.)

Ruwa ya bi wata hanya dabam, amma shi ma sama ya yi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako ta mai da hankali ga madatsun ruwa, mafi girma a cikinsu ita ce Tiga wadda aka gama a 1974, aikin ruwan birni kuma ya zama na jiha. A daidai wannan lokaci aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gyaran 1976 ya zo ya shafe sunan En'e ɗungurungum, ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa.

Wanda ya karanta jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 zai ga abin da ya rage wa magajiyar En'e. An ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da magudanan ruwa da fitilun kan titi. An ba ta fitila, amma ba a ba ta wutar da za ta kunna fitilar ba. Hatta kasuwannin ma ba duka suka tsaya a hannunta ba, domin babbar Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sake ginawa aka kuma sa mata sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnatin jiha ce take naɗa mata shugaba. Singa kuwa ta tashi ne a cikin gine-gine da sito-sito na masu zaman kansu, ƙungiyar 'yan kasuwa ce take riƙe da yawancin al'amuranta na yau da kullum. Saboda haka idan aka tambaya wace hukuma ce take da alhakin wutar Singa, amsa ita ce kowa yana da hannu wajen karɓar kuɗin shiga, amma ba wanda doka ta ɗora wa nauyin kawo wutar daga cikin hukumomin da suke zaune a Kano.

5.0 Janareta, Maja da Sola

Tun daga shekarun 1980 wutar NEPA ta fara zama abin ba'a. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Calawa suka rufe a cikin shekaru ashirin da suka biyo baya, rashin wuta yana cikin manyan dalilai. 'Yan kasuwa ba su zauna jiran gwamnati ba. Mai hali ya sayi janareta ya ajiye a ƙofar shago. Daga baya kuma sai ga abin da Kanawa suke kira maja, watau mutum ɗaya ya sayi babban inji mai shan gas, ya ja waya zuwa shaguna hamsin ko ɗari, ya riƙa bi yana karɓar kuɗi kullum gwargwadon yawan ƙwan fitila da fanka da firjin da mai shago yake da su. Haka 'yan garuwa suka cike gurbin famfo da kurarsu da jarkoki, suna sayen ruwa a wurin masu rijiyar burtsatse.

Idan aka duba da idon mai tarihi, mai maja ƙaramin gidan wutar Calawa ne wanda ba shi da injiniya, ba shi da lasin, ba kuma wanda yake duba kaurin wayarsa. Ya yi amfani, ba shakka, ya kuma nuna cewa ɗan kasuwar Kano yana biyan kuɗin wuta da tsada, kullum, ba tare da gardama ba, muddin zai gan ta. Amma haɗa fetur da gas da wayoyi barkatai a cikin kasuwa mai cike da kwali da leda da man girki yana da nasa sakamako. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye kimanin shaguna 3,800 a Kasuwar Sabon Gari, Singa ma ta sha gobara ba sau ɗaya ba. Ba kowace gobara ce aka tabbatar da musabbabinta ba, amma duk wanda ya ɗaga kai ya dubi wayoyin da suka sarƙe a saman layukan kasuwa ya san inda haɗarin yake.

A can sama kuwa ana ta canza suna. Dokar gyaran wutar lantarki ta 2005 ta rusa NEPA ta kafa PHCN, aka yanyanka ta zuwa kamfanoni, a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa wa 'yan kasuwa kamfanin rarraba wuta na KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Ofishin ya dawo Kano, amma lasin da farashi daga hukumar NERC ta Abuja suke fitowa, kuma ba gasa a cikin abin, domin layi ɗaya ne yake shiga kowace unguwa.

Hasken rana ya shigo ta wannan giɓi. A 2018 hukumar samar da wuta a karkara ta tarayya, REA, ta fito da shirin ba manyan kasuwanni wuta ta hannun kamfanoni masu zaman kansu, ta fara da Ariaria a Aba da Sura a Legas da Sabon Gari a Kano. A Sabon Gari kamfanin Rensource ne ya shimfiɗa farantan sola a kan rufin shaguna, ya kafa batura, ya sa wa kowane shago mita, mai shago ya riƙa biya kamar yadda ya saba biyan mai maja, sai dai ba hayaƙi ba ƙara. A watan Satumba na 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a watan Janairu na 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso wadda hukumar NSIA ta gina. Rabon mallakar wannan ta biyun abin dubawa ne ga mai nazarin tarihin mulkin gari, domin tarayya tana da kashi 80, jiha tana da 15, ƙaramar hukumar Kumbotso tana da 5. A 1931 hukumar gari ce take da kashi ɗari bisa ɗari na gidan wutar da ke gefen wannan kogi.

Gwamnatin jiha ita ma ta gwada nata. A zamanin mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015, aka fara aikin kafa injunan wuta a madatsun Tiga da Calawa Goj, aikin ya ja dogon lokaci ya ratsa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje. Na Tiga megawat 10 ne, kuma abin da aka ce za a yi da shi shi ne a ba matatar ruwa ta Tamburawa wuta, a kunna fitilun titi. Bayan shekara tamanin da ɗoriya, ga wuta ta sake komawa baran ruwa.

6.0 Waya

Tarihin waya ya fi gajarta a wannan fuska, domin ba ta taɓa zama ta En'e ba. Tangaraho ya shigo tare da sojan Lugga, gidan waya ya kasance na gwamnatin tsakiya tun farko, kuma tsarin mulki ya sa sadarwa a cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai take yi wa doka. An kafa NITEL a 1985, amma zuwa shekara ta 2000 layukan da suke aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Ɗan kasuwar da yake son sanin farashin sukari a Legas sai ya je gidan wanda yake da tarho, ko ya jira direba ya dawo.

Abin da ya sauya wannan hali shi ne gasa. An kafa hukumar NCC a 1992, a watan Janairu na 2001 ta yi gwanjon lasin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Da Globacom ta shigo a 2003 ta riƙa lissafin kira da daƙiƙa maimakon minti, sai sauran suka bi tilas, farashin layi kuma ya faɗi warwas. Wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, farashin intanet na sari ya karye a bakin teku. Kawo shi Kano kuwa, tafiyar sama da kilomita 1,000, wani aiki ne dabam, kuma a nan ne hukumomin ƙasa suka samu abin riƙewa. Kowace mita ta wayar faiba, watau zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, tilas ta bi gefen titi, titi kuwa yana da mai shi. Jihohi da ƙananan hukumomi suka ɗauki izinin haƙa a matsayin hanyar kuɗin shiga, wasu suna neman dubban naira a kan mita guda. An yi yarjejeniya a majalisar tattalin arziki ta ƙasa a kan naira 145, aka sake jaddada ta a 2020, Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya, Katsina ta sauko zuwa 145.

Wannan shi ne zaɓin da ya rage a hannun hukumar gari game da intanet, kuma ba ƙarami ba ne. Mai karɓar kuɗin haƙa da tsada yana samun kuɗi sau ɗaya, sa'an nan kamfani mafi ƙarfi ne kaɗai zai iya shigowa, sauran su tsaya a kan manyan tituna. A birnin Stockholm na Suwidin majalisar gari ta kafa kamfanin Stokab a 1994, ta shimfiɗa faiba da kanta, tana ba kowane kamfani haya a kan farashi ɗaya, ba ta kuma sayar wa jama'a da intanet don kada ta yi gasa da masu hayarta. A Chattanooga ta Amurka kuwa hukumar wutar lantarki ta gari, wadda aka kafa tun 1935, ita ce ta ja faiba don kula da layukan wutarta, a 2010 ta fara sayar wa gidaje da intanet mai gudun gigabit guda, duk da ƙarar da kamfanonin da suka riga ta suka kai kotu. Abin da ya ba Chattanooga dama shi ne ta riƙe gidan wutarta da turakunta da bashin da za ta iya ciwowa a kansu, watau daidai abin da Kano ta miƙa a 1951. Ƙaramar hukumar Fagge ba za ta iya zama kamfanin waya ba, doka ma ba ta yarda ba sai da lasin Abuja. Amma magudanan ruwa nata ne a tsarin mulki, kuma bututun da babu komai a cikinsa, wanda aka binne a gefen kwalbati ranar da ake gina ta, ba ya bukatar lasin kowa.

Muhimmancin wannan ya fito fili a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Kasuwar da ta saba ƙirga kuɗi a buhu ta wayi gari ta dogara da taransfa da na'urar POS. Kaya suna kan mota, 'yan dako sun gama lodi, mai saye ya ce ya tura, mai sayarwa yana jiran alat, sabis kuwa ya cushe. Turakun sabis ɗin kansu da gas suke aiki mafi yawan lokaci, saboda haka tsadar mai tana shiga cikin kuɗin data kamar yadda take shiga cikin kuɗin maja.

7.0 Dokokin 2023 da 2024

Abubuwa huɗu sun faru a jere waɗanda suka sake buɗe tambayar da aka rufe a 1951. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da layin tarayya ya kai, a watan Yuni kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar wutar lantarki wadda ta ba jiha damar kafa hukumar da za ta ba da lasin ta kuma yanka farashi a cikin iyakarta. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin fetur, kuɗin janareta ya ninka. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A ranar 11 ga Yuli na 2024 kuwa Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Na biyu da na uku sun sa sola ta zama lissafin riba a wurin ɗan kasuwa, na ɗaya da na huɗu kuma sun sauko da iko mataki guda, ko da yake ikon wuta a hannun jiha ya tsaya, bai ƙaraso ga magajiyar En'e ba.

Ga kasuwa irin Singa, hanyar da doka ta tanada ita ce ƙaramar tashar unguwa wadda take haɗe da babban layi, bisa ga ƙa'idar da NERC ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023. Da rana farantan sola su ɗauki nauyi, idan wutar kamfani ta zo a saya a haɗa, batir ya cike giɓi. Singa ta dace da wannan fiye da unguwar zama, domin cinikinta na rana ne, rufin sito-sitonta yana da faɗi, kuma masu shagunanta sun shekara da shekaru suna biyan mai maja. Wahalar tana wajen mallaka. Rufin na mai gida ne, wanda sau da yawa ba shi ne yake zaune a shagon ba, turakun na kamfanin rarraba wuta ne, titin na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, mai maja kuwa yana da jari da iyali, ba zai tattara wayarsa ya tafi don an ce masa zamani ya canza ba. Ƙa'idar ta ce kafin a kafa irin wannan tasha sai an yi yarjejeniya mai sa hannu uku, na mai kafa tashar, da na kamfanin rarraba wuta, da na wakilan jama'ar da za su sha wutar. A Singa hannu na uku na ƙungiyar 'yan kasuwa ne, ƙaramar hukumar Fagge kuwa ba ta cikin ukun.